Mai Zanen Bango

Shekarar da na je New York aikin bincike, babu tambayar da ta fi ba ni wahala kamar wadda 'yan uwa ke yi min a waya: "To wai me kike yi a can?" Idan na ce bincike a kan siyasa, sai su ce madalla, don sun san a kanta na yi digirin digirgir. Idan na ƙara da cewa siyasar da ke cikin ƙagaggun labaran kimiyya na Japanawa ce, irin na littattafan zane da katun, sai a yi shiru. Yayata ta taɓa ce min, "Wato dai kallon katun aka kira ki Amurka." Ban musa mata ba, don akwai ranakun da aikin ke nan tun safe har la'asar.

Lokacin da nake digirin na yi shekara biyu a Japan, na koyi harshen har ina iya karatu, a hankali, da ƙamus a gefe. Abin da ya ja ni ga waɗannan labarai ba jiragen sama jannati ba ne. Duk marubucin da ya ƙirƙiri gari a wata duniya, dole ya yanke shawarar wanda zai mulki garin, da wanda zai raba ruwa idan ruwan ya yi ƙaranci. A nan nake kama ra'ayinsa, ko da bai yi niyyar faɗa ba. Wata jami'a a Manhattan ta ba ni gurbin shekara biyu in mai da binciken littafi. Maigidana ya zauna a Kano saboda aikinsa, ni kuma na kama ɗaki a St. George, wata unguwa a wani tsibiri da ke tsallaken ruwa, a saman tudu, inda nake hango ruwa ta tagar kicin. Kullum da safe sai in gangara in shiga jirgin fito zuwa Manhattan, in zauna kusa da taga in buɗe littafi.

Babin da nake rubutawa a lokacin ya dogara ne a kan wani tsohon littafin zane. Labarin wani birni ne da aka gina ƙarƙashin rufin gilashi a wata duniya mara ruwa. Wata ƙatuwar na'ura ce ke mulkin birnin, ita ke raba ruwa da iskar shaƙa, ita ke ba kowa aikinsa. Daga ƙarshe wani saurayi ya fasa ta. Hujjata ita ce mutanen birnin ba su da wata siyasa tasu. Suna zaune ne kawai, jiya suna bin na'ura, gobe za su bi wanda ya fasa ta. Na riga na rubuta shafi talatin a kan haka, kuma ina jin daɗin abin da na rubuta.

Wata Juma'a da safe ina cikin jirgin, na gama waya da mahaifiyata da Hausa, sai wata mata da ke zaune a gefena ta juyo ta ce, "Sannu, 'yata. Daga Najeriya?"

Dattijuwa ce mai jiki, da farin mayafi a kan rigar sanyi, ta ajiye babbar jaka tsakanin ƙafafunta. Hausarta ta Zangon Kumasi ce, wadda ba ta damu da bambanta "shi" da "ita" ba, kuma tana tsarma Turanci ba tare da ta lura ba. Na gaishe ta da kyau, na kira ta Hajiya, ta amsa. Ta ce a Soundview take zaune, can Bronx, amma aikinta a tsibirin da muka baro yake. Tana kula da wani tsoho a gidansa daga Litinin zuwa safiyar Juma'a, sai wata ta karɓe ta, ita kuma ta koma gida.

Ta leƙa littafin da ke cinyata ta ga ina buɗe shi daga dama zuwa hagu.

"Kamar littafin Larabci," in ji ta. "Papa na da irin wannan, akwati guda."

"Wane Papa, Hajiya?"

"Tsohon da nake dubawa. Mutumin Japan ne. Ya ce da can aikinsa ke nan, zane. Ni dai ban san kan abin ba."

Na rufe littafin. Na tambaye ta ko ta san sunan littattafan da ya zana, ta ce ina ita ina sanin wannan. Na tambaye ta ko zai yarda in zo in gaishe shi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce gidan mutane ne, ba nata ba, sai ta tambaye shi ta kuma tambayi 'yarsa, wadda ita ce ta ɗauke ta aiki. Muka yi musayar lambar waya kafin jirgin ya tsaya. Sati biyu ban ji komai ba, har na cire rai. Ranan nan ina ofis sai ga saƙon muryarta: "Dakta, Papa ya ce ki zo Laraba bayan azahar. Kar ki kawo alawa, an hana shi."

Na sayi lemun zaƙi, na sa aka naɗe min shi a takarda mai kyau, don na san yadda Japanawa ke son a miƙa tsaraba. Gidan ƙarami ne, na katako, tafiyar minti ashirin daga nawa. Hajiya ta buɗe min ƙofa, na cire takalmi. Dattijon na zaune a kujera kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Siriri ne, ya haura tamanin, gashinsa fari fat, idonsa kuwa tar. Na gaishe shi da Japananci, na kira shi da kalmar da suke kiran malami da ita. Ya yi dariya ya kaɗa hannu.

"Ni ba malami ba ne," ya ce. "Malam shi ne mai sunansa a bangon littafi. Ni yaron shago ne. Shi ke zana mutane, ni in zana abin da ke bayansu."

Ya yi min bayani, rabi da Japananci rabi da Turanci. Lokacin samartakarsa a Tokyo ya yi shekara tara a ɗakin wani mai zanen labarai. Su huɗu ne mataimaka. Maigidan ya zana fuskoki da faɗa da gudu, sai ya miƙo musu takardar ya ce a cika bayan. Ɗaya ya ƙware a sararin sama, ɗaya a motoci da injuna. Shi kuma rabonsa gidaje ne da lunguna da bango. Daga baya ya bar aikin, ya zo Amurka yana zanen taswirar gine-gine a wani ofis har ya yi ritaya. Littattafan da ya yi wa aiki ban taɓa jin sunansu ba, kuma ya ce ba laifina ba ne, ko a can an manta da su.

Hajiya ta kawo mana koren shayi, ta koma gefe tana ninke wanki. Ya tambaye ni aikina. Na ciro littafin birnin gilashi daga jaka na miƙa masa, na shiga zayyana masa hujjata, na'ura da saurayi da mutanen da ke jira a ja su. Na yi magana mai tsawo, ina sane da cewa Japanancina na tuntuɓe. Shi kuwa bai dube ni ba. Ya ɗauko wani gilashin ƙara girman rubutu daga aljihun kujerar, yana buɗe shafukan a hankali. Na lura ba ya tsayawa a kan saurayin ko kaɗan. Gefen hoton yake bi.

Ya tsaya a wani shafi da na sani sarai, inda saurayin ke gudu a wani lungu dakarun na'ura na bin sa.

"Kin karanta wannan?" Ya ɗora yatsa a kan wata 'yar takarda da aka zana manne a bangon lungun, ba ta kai farcen ɗan yatsa girma ba.

Na ce a'a. Gaskiya na ɗauka zane ne kawai na cike gurbi. Rubutun hannu ne ƙanana, irin wanda ke ba ni wahala ko da manya ne.

Ya kara gilashin ya karanta min. "Wankin matatar ruwa, wannan makon, gida na bakwai. Taron unguwa ranar Asabar. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar da shugabar layi."

Ya buɗe gaba. A wani shafi, bayan wasu mutane biyu da ke gardama, akwai wata mata tsaye a ƙofar maƙwabciyarta tana miƙa mata wani abu mai kama da allo. A wani kuma, can nesa, an jera takalma a ƙofar wani ɗaki, alamar mutane da yawa na ciki.

"Na'urarki ba ta kira wannan taron ba," in ji shi. "Su suka kira abinsu."

Na ƙura wa takalman ido. Na karanta littafin nan ya fi sau goma.

Ya yi min bayanin allon. A unguwannin Japan akwai wani allo da ake maƙala wa takardun sanarwa, a zagaya da shi gida gida. Idan ya iso gidanku ku karanta, ku buga hatiminku a gefen sunan gidan, ku kai wa maƙwabci. Ranar shara, ranar gyaran magudana, rasuwa, duk ta nan ake ji. Na taɓa ganinsa lokacin da nake can, amma a ɗakin ɗalibai na zauna, bai taɓa zuwa ƙofata ba.

"Wanda ya zana bangon nan," ya ce, "ban san shi ba. Amma irina ne. An ce masa cika bayan, shi kuma ya cika da abin da ya san bango na ɗauka."

Na tambaye shi ko yana nufin mai zanen ya saka saƙo ne a ɓoye. Ya girgiza kai. Ya ce ba su da lokacin saƙo, shafi ashirin ake jira kafin wayewar gari. Kawai dai mutum ba ya iya zana gari babu wannan, kamar yadda ba zai zana gida babu ƙofa ba.

Hajiya ta dubi agogo ta ce lokacin maganinsa ya yi. Na yi sallama na fito. Ban wuce gida ba, na gangara bakin ruwa na zauna a wani benci da littafin, ina ƙura wa bangon ido shafi bayan shafi har sanyi ya kore ni.

Washegari na shiga ofishin farfesar da ke duba aikina. Baturiya ce da ta daɗe tana nazarin Japan, mai ƙarancin magana. Na ba ta labari da zumuɗi, na ce ina ganin babin nan sai an rushe shi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Abin sha'awa ne. Amma tsoho ɗaya ne da littafi ɗaya. Idan kika tsaya gaban mutane da wannan, tambayar farko da za su yi miki ita ce, sauran littattafan fa?"

Na ce zan duba.

"Ki duba. Kuma ki shirya wa yiwuwar ba za ki samu ba. Kada ki jefar da shafi talatin ɗinki tukuna."

Raina bai so ba, amma ta yi gaskiya. Na sayi nawa gilashin a wani shagon kayan rubutu, na koma ɗakin ƙasa na laburare inda ake ajiye tsoffin mujallun zane. Takardarsu ta yi ja, tana wari kamar tsohon kwali, kuma ba a yarda a fita da su. Haka na shafe damina da kaka a wurin. Na daina karanta labaran, bango kawai nake bi. Akwai kwanakin da ban samu komai ba. Wasu masu zanen sun bar bangon fari tas, wasu sun cika shi da bututu da wayoyi. A wasu kuwa abin na nan: jadawalin shara a cikin jirgin da ke tafiya tsakanin taurari, akwatin ƙorafi a tashar da aka gina a ƙarƙashin teku, wata tsohuwa da ƙyallen alama ɗaure a damtse tana tsara layin karɓar abinci bayan an rushe gari. Idan rubutun ya gagare ni, sai in ɗauki hotonsa in ajiye wa Laraba.

Laraba ta zama ranarmu. Ina zuwa bayan azahar, in yi awa ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka idan ya gaji. Yana karanta min abin da na kasa, yana kuma gyara min karatu ba tare da ya sassauta ba. Wani lokaci ya dubi hoto ya ce, "Wannan malalaci ne, kwafa ya yi." Wani lokaci ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ɗan ƙauye ne, dubi yadda ya rataye albasa." Idan la'asar ta yi, Hajiya ta shimfiɗa min sallaya a ɗakinta, shi kuma ya rage sautin rediyo har mu idar.

Da na tara misalai da dama, sai na sake yin wani kuskuren. Na zo masa da sabuwar hujja ina murna. Na ce ashe labaran nan cike suke da mulkin jama'a na gaskiya, maƙwabta na tafiyar da rayuwarsu ba ruwansu da na'ura ko sarki, kuma wannan shi ne kyakkyawan fatan da ke ɓoye a cikinsu.

Ya ajiye gilashin a cinyarsa. Ya ce, "Kin yi saurin sonsa."

Sai ya ba ni labarin mahaifiyarsa. Yana ƙarami lokacin yaƙin duniya na biyu, abin da ya sani daga bakinta ya ji. A lokacin, ƙungiyar unguwa ce ke raba shinkafa da gawayi, ita ce kuma ke lura da kowa. Wata rana aka fita rakiyar wani saurayin layinsu da za a kai fagen fama, kowa da 'yar tutarsa. Mahaifiyarsa ba ta fita ba. Ƙaninta bai daɗe da mutuwa a can ba, ta ce ƙafarta ba za ta iya ba. Maƙwabciyarsu, wadda ita ce shugabar layi, ta kai maganar gaba. Aka kira mahaifiyar aka yi mata faɗa a gaban mutane, aka daina gaishe ta na wani lokaci.

"Ba soja ne ya zo ba," ya ce. "Matar da ke ara mana gishiri ce."

Bayan yaƙi, in ji shi, duk lokacin da allon ya iso gidansu, mahaifiyarsa ba ta buga hatimi. Sai ta ba shi ta ce ya kai gaba haka nan. Shekaru ana haka. Sai wata shekara aka yi ambaliya, ruwa ya shiga gidansu har ƙugu, mahaifinsa ba ya gari. Wannan maƙwabciyar dai ita ta zo da maza biyu da igiya, don tana da jerin gidajen da ke da yara da tsofaffi, ta san inda za a fara. Ita ta goya shi ta fitar.

Na tambaye shi ko mahaifiyarsa ta koma buga hatimin bayan nan.

"Ta koma. Amma ba ta ƙara shiga gidan matar ba har ta mutu. Suna gaisawa a ƙofa."

Hajiya, wadda na ɗauka hankalinta na kan tukunyar da ke wuta, ta ce in fassara mata abin da ya faɗa da yarensu. Na fassara. Ta goge hannu da tawul ta ce, "To ai mu ma haka ne. A gininmu a Soundview, ranar da mijina ya rasu, kafin in dawo daga asibiti mata sun share ɗaki sun ɗora girki. Ban kira kowa ba. Amma ki ƙi zuwa suna biyu a jere ki gani. Ko 'yarki ta fita da wando, kafin ta kai tashar jirgi labari ya riga ta zuwa Kumasi."

Na mayar masa da maganarta da Japananci. Ya yi dariya har ya yi tari, ta miƙa masa ruwa tana yi masa faɗa da Turanci. Ni kuma na tuna mai unguwarmu a Kano, wanda ya tsaya a kan gyaran rijiyar burtsatsen layinmu har aka yi, wanda kuma ya san duk baƙon da ya kwana a gidan kowa. Ban taɓa sa shi cikin abin da nake kira siyasa ba, ni da na yi shekaru ina koyar da ita.

Na sake rubuta babin a cikin hunturu. Ban jefar da shafi talatin ɗin duka ba, kusan goma sun tsira, don gaskiya ne cewa labarin da ke gaba na na'ura ne da jarumi. Abin da na ƙara shi ne akwai wani mulki na biyu a bayan hoton, na maƙwabta, wanda ke ciyar da mutum yana kuma sa masa ido, kuma sau da yawa ba mai sunan littafin ne ya zana shi ba. Na faɗi a fili cewa ba a duk littattafan ake samunsa ba. Farfesa ta karanta, ta cika gefen takardun da jan biro, a ƙarshe ta rubuta, "Yanzu akwai abin karewa."

Na gabatar da shi a taron ƙara wa juna sani na sashenmu, a wani ɗaki mai ɗaukar mutum ashirin. Na haska hotunan bangon a allo, an ƙara musu girma har rubutun ya fito. Wani malami ya tambaye ni ko ya dace a kira abu ra'ayin siyasa alhali wanda ya zana shi bai nufi komai ba. Na ce ban da cikakkiyar amsa, amma ina ganin abin da mutum ya ɗauka ba sai an faɗa ba ya fi nuna yadda yake ganin duniya a kan abin da ya tsaya ya tsara. Bai gamsu sosai ba, muka ci gaba da gardamar a wajen shan shayi. Wata ɗaliba 'yar Japan ta same ni bayan an tashi, ta ce kakarta har yanzu tana kai allon nan gidan maƙwabta, ita kuma ba ta taɓa lura da shi a littattafan da ta girma tana karantawa ba.

Na so in sa sunan dattijon a babin. Ya ƙi. Na ce ko a godiya ce kawai, ya ce shekara tara bai ga sunansa a littafi ba kuma bai rasa barci ba. Muka daidaita a kan in rubuta "wani tsohon mataimakin mai zane", ya ce wannan daidai ne, don haka yake.

Da bazara ta shigo ya faɗi a banɗaki. Bai karye ba, amma 'yarsa ta yanke shawarar ya koma wurinta a wata jiha mai nisa. Larabar ƙarshe na tarar da kwalaye a falo. Ya sa Hajiya ta jawo akwatin littattafansa, ya ce in zaɓi uku. Na ce ba zan iya ba, ya ce to shi zai zaɓa, ya zaɓa. A ɗaya daga ciki ya nuna min wani lungu da ya zana yana ɗan shekara ashirin da biyu, a wani gari da ke shawagi a sama. Ya ce lungun gidansu ne, bai canza komai ba sai sararin sama. Na yi masa godiya irin tasu, na sunkuya sosai. Hajiya ta raka ni ƙofa idonta ya yi ja, ta ce shekara huɗu tana tare da shi, ta san yadda yake son shinkafarsa fiye da yadda 'yarsa ta sani.

An tura Hajiya wani gidan a Queens, kusa da unguwar da ake kira Jamaica, wurin wata tsohuwa. Ban daina ganinta ba. Na je Soundview sunan jikarta, na ci wake da shinkafa irin tasu da baƙin yaji, matan gininsu suka yi ta kira na Dakta suna tambayata maganin ciwon gwiwa, ina cewa ba irin wannan daktar ba ce.

Babin ya fito a wata mujallar ilimi wata biyu kafin in koma gida. Na aika wa 'yarsa kwafi. Bayan sati uku ta rubuto min. Ta ce ta karanta masa duka a zama huɗu, tana fassara masa inda Turancin ya yi nauyi, kuma ya saurara bai yi barci ba. Ya ce a gaya min aikin ya yi. Ya kuma ce a gaya min na yi kuskure a hoto na shida: abin da na kira akwatin ƙorafi akwatin ajiye madara ne, wanda mai kawo madara ke sakawa da safe.

Na ɗauko hoton na duba da gilashi. Akwai ɗan zanen kwalba a jikin akwatin, ban gan shi ba. Mujallar ta riga ta fita, ba yadda zan yi da ita. A littafina dai na cire hoton, na sa wani a madadinsa, na rubuta wa 'yar na ce ta gaya masa an gyara.